Faɗi-ka-mutu a Birnin Ruwa

Sallar layya ta 2019 ita ce ta 11 da na yi a Italiya. A mayankar bayan gari aka yanka ragonmu, don doka ba ta yarda a yanka a gida ba, aka miƙo mana naman a leda an riga an daddatsa shi. Ban ga jini ba, ban ji ƙaurin babbaka ba. Da yamma ƙannena suka yi ta turo min hotunan hawa daga Zariya ta WhatsApp, dawakai sun cika ƙofar fada, ni kuwa ina zaune a bene hawa na uku a Padova, fanka tana juya iska mai zafi. Kwana biyu na yi ba na son magana da kowa.

Alhali magana ita ce sana'ata. Tafinta ne ni. Yaranmu da suka biyo ta Agadez, suka keta hamada da Libiya da teku, idan ranar sauraron bayaninsu na neman mafaka ta zo, ni ake kira in zauna a tsakani. Su faɗa da Hausa, in juya da Italiyanci, a rubuta. Akwai 'yan Nijar, akwai 'yan zango daga Kumasi da Accra, akwai namu na Arewa. Abin da ya fito daga bakina shi ke shiga fayil, kuma da wannan fayil ɗin ake yanke wa mutum hukuncin zama ko komawa.

Wata abokiyar aikina, Ba'italiya ce da ta manyanta, ta lura da yadda na koma. Ba ta tambaye ni komai ba, sai ta ajiye min wata 'yar takarda a kan tebur. Ta ce in je Benis kafin ƙarshen watan Satumba, wai wani maginin tukwane daga Ingila ya gina ɗakin karatu na mutanen da aka raba da ƙasashensu. Sunansa Edmund de Waal, aikin kuma ya raba shi wuri biyu a cikin birnin, ya sa masa suna guda wanda a harshenmu yake nufin Zabura.

Na tafi da 'yata. Shekararta 10 a lokacin, a Padova aka haife ta. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake ce mata. Tana jin Hausa sarai, amma da Italiyanci take ba ni amsa, kuma na daɗe da daina yi mata faɗa a kan haka, don faɗan bai ƙara mata ko kalma ɗaya ba.

Daga Padova zuwa Benis tafiyar kamar rabin awa ce a jirgin ƙasa. A ƙarshe jirgin yakan hau wata doguwar gada mai kusan kilomita 4, ruwa hagu ruwa dama, sai ka hango birnin kamar an ɗora shi a kan faranti. Masu garin Venezia suke cewa. Larabawa kuwa al-Bunduƙiyya suke kiran sa, kalma ɗaya da wadda suke kiran makamin da muka ara muka mayar bindiga. Na gaya wa Uwata haka, ta ce ita dai tana son a sayo mata askirim kafin a fara tarihi.

Daga tashar Santa Lucia zuwa tsohuwar unguwar Yahudawa bai wuce tafiyar minti goma a ƙasa ba. Ka bi cunkoson masu yawon buɗe ido, ka haye gada ɗaya, sai ka kauce hagu ta wani ɗan lungu mai rufi wanda in ba ka lura ba za ka wuce shi. A jikin dutsen ƙofar har yanzu ana ganin ramukan da ƙyauren ya zauna. A watan Maris na 1516 hukumar Benis ta yi doka cewa duk Yahudawan birnin su tattara su zauna a wannan ɗan tsibiri, inda a da ake narkar da ƙarfe. Daga sunan wannan maƙera aka samu kalmar geto, wadda yau duniya ta ɗauka. Da dare a kulle su, da safe a buɗe, masu gadin Kiristoci ne, kuma waɗanda aka kulle ɗin su ke biyan albashin masu gadin. Haka aka yi ta yi har 1797, lokacin da sojojin Napoleon suka ɓalle ƙofofin. Mu ma mun san unguwar baƙi, mun san zango, mun san Sabon Gari da Tudun Wada, amma ba mu san a sa wa unguwa kwaɗo daga waje ba.

Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne tsawon gidajen. Tunda an hana su faɗaɗa, sai suka yi ta ɗorawa sama, hawa shida, hawa bakwai, rufin kowane hawa a ƙasa-ƙasa, tagogi a matse. Mutanen da aka cusa a ciki ma ba harshensu ɗaya ba. Akwai waɗanda suka zo daga Jamus, akwai waɗanda aka koro daga Sifen a 1492, akwai na ƙasashen Daular Usmaniyya, akwai 'yan asalin Italiya. Shi ya sa wuraren ibadarsu har biyar ne a wannan ɗan fili, kowace al'umma da nata. Na tsaya a tsakiyar dandalin ina tunanin tafintocin wancan zamani, don babu yadda za a yi a zauna haka ba tare da irinmu ba.

Ba zan ɓoye ba, na ɗan yi jim a ƙofar gidan tarihin. Musulmi ne ni, ga jami'an tsaro a dandalin, ga abin da muke ji kullum daga Falasɗinu yana zaune a zuciya. Amma a bangon da ke kallona akwai allunan tunawa da mutum sama da 200 da aka kwashe daga wannan birni a 1943 da 1944 aka kai su sansanonin Nazi, kaɗan ne ƙwarai suka dawo. Na kama hannun Uwata muka shiga.

Aikin de Waal yana ɗakunan da ke kewaye da Scuola Canton, wurin ibadar da aka gina a farkon shekarun 1530. Sai an hau matakala masu ƙunci. A jikin wani bango an jera ƙananan akwatunan gilashi 11, kowanne da ɗan fallen tangaran siriri wanda aka shafa wa zinariya, tare da guntun dutsen marmara. A ɗakin can sama kuma, inda suke bikin bukkoki don tunawa da zaman kakanninsu a jeji, akwai dogayen akwatuna tsaye kamar gidajen da muka baro a waje, a cikinsu ƙananan kofuna farare, babu hannu, babu zane, babu komai a ciki.

Gaskiya da farko raina bai kwanta ba. Ni abin da na sani da tukunya shi ne randa mai sanyaya ruwa, tulu mai wuyan da za ka kama, kaskon da ya sha wuta har ya yi baƙi. Na san aikin Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, tukwanenta masu ciki da faɗi, da ƙadangaru da kifaye a zane a jiki. Akwai ma zare tsakaninta da wannan Bature. De Waal ya koyi sana'a a hannun wani magini mai bin tafarkin Bernard Leach, shahararren maginin tukwane na Ingila, shi kuwa Michael Cardew, wanda ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, almajirin Leach ne. Amma waɗannan kofuna sun yi min tsabta da yawa. Gudun hijirar da na sani tana warin gumi da man fetur da ruwan gishiri. Me ya haɗa ta da farin kofi a bayan gilashi?

Ina cikin wannan sai Uwata ta ja min riga. Ta tambaye ni da Italiyanci yadda ake cewa porcellana da Hausa.

Na ce, "Tangaran."

Ta maimaita, ta ce kalmar tana ƙara kamar an buga cokali a kofi. Na ce ai daga ƙarar aka samo ta. Sai na ce akwai wani sunan kuma, wanda kakarta ta fi amfani da shi: faɗi-ka-mutu. Ta sa na fassara mata kalma bayan kalma, ta yi dariya har mai gadin ɗakin ya waiwayo. Ni kuwa ban yi dariya ba, don a daidai lokacin na ga abin da ke gabana.

Jeren mahaifiyata ne. A ɗakinta a Zariya akwai kabad mai gilashi, a ciki an jera kwanuka da farantan tangaran waɗanda aka kawo ta da su daga Daura ranar da aka ɗaura mata aure. Tunda nake ban taɓa ganin an zuba tuwo a ɗayansu ba. Ranar jajiberin Sallah takan fito da su ɗaya bayan ɗaya, ta goge, ta mayar, ta kulle, ta ɗaura makullin a bakin zane. Muna yara muna ganin abin ado ne kawai, abin nuna wa kishiyoyi da baƙi. Sai da na tsaya a wannan ɗaki na sama, a birnin da ba ta taɓa jin sunansa ba, na gane cewa gidan ubanta ne ta jera a bayan gilashi. Yarinya ce 'yar shekara 15 aka ɗauko ta aka kawo garin da ba ta san kowa ba, inda har Hausarta ake kwaikwaya. Kwanon da ba a ci a ciki yana da aikinsa, ni ne dai ban san aikin ba.

Daga nan na fara kallon kofunan da wani ido. Babu biyu da suka yi daidai. Wani ya ɗan karkace, wani bakinsa ya yi siriri har haske yana ratsa shi, wani akwai ɗan lotsawa inda yatsa ya danna tun yumɓun yana ɗanye. Tangaran daga farar ƙasa ake yin sa, a haɗa da wani nikakken dutse, a gasa a wutar da ta kai wajen digiri 1,300, har ƙasar ta narke ta zama kamar gilashi. Mutanen Sin ne suka gano sirrin, Turawa kuwa sai wajen 1708 suka iya yin sa a Jamus. Sunan porcellana ma asalinsa sunan wuri ne da Italiyanci, wurin nan da kakanninmu suka yi kuɗi da shi, saboda santsi da ƙyallinsu ɗaya. Uwata ta san wuri, akwai guda uku a jikin wata tsohuwar jakar fata da ke rataye a falonmu.

A wani ɗakin akwai tebur da ya yi don tunawa da Sara Copio Sullam, marubuciyar waƙoƙi da ta rayu a wannan unguwa ta rasu a 1641. Malaman birni, Yahudawa da Kiristoci, sukan taru a gidanta a yi muhawara, har aka zarge ta da musun dawwamar rai, ta mayar da martani a rubuce a 1621. Ta tuna min da Nana Asma'u, wadda ta yi rubutu da harshe uku. An lulluɓe teburin da zinariya, an shafe zinariyar da ruwan farar ƙasa, sannan an karce rubutu a kai, ta yadda zinariyar ke leƙowa ta cikin haruffan.

Zaburar da aikin ya fi jingina da ita ita ce ta 137. Tun ina yaro na san ta, a bakin wani abokin karatuna ɗan Wusasa, don akwai ta da Hausa tun fassarar 1932. Mutane ne aka kwaso daga Ƙudus aka kai Babila bayan an rushe birninsu, wajen shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Suna zaune a bakin kogi suna kuka, sun rataye kayan kiɗansu a itatuwa, waɗanda suka kamo su kuma suna cewa su yi musu waƙar garinsu. Suka ce ta yaya za su rera waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa. Mai waƙar har ya yi wa kansa baki, ya ce in ya manta da garinsa harshensa ya manne a dasashi. Wannan wurin ne ya tsaya min. Mutum ya rasa gida, amma abin da ya sa a caca shi ne harshensa.

Kashi na biyu yana can tsakiyar birni, kusa da gidan wasan La Fenice. Muka bi ta ƙasa, don a lokacin, a 2019, tikitin jirgin ruwa na haya Yuro 7.50 ne kowane mutum. Ta sha askirim ɗinta a hanya, muka ɓata sau biyu a lungunan bayan gadar Rialto, wani ɗan Senegal mai sayar da jakunkuna ya nuna mana hanya bayan mun yi sallama.

Ginin sunansa Ateneo Veneto, cibiyar ilimi ce tun farkon ƙarni na 19. Kafin nan mazaunin wata ƙungiya ne mai raka waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa zuwa wurin rataya. Zauren yana da duhu, rufinsa cike da zane-zanen rayuka masu jiran hisabi. A tsakiyar wannan duhu sai ga wani farin ɗaki, ɗaki a cikin ɗaki, girmansa bai fi shagon tela mai yalwa ba. Bangonsa na waje irin aikin teburin nan ne: zinariya a ƙasa, ruwan farar ƙasa a sama, rubutun hannu a kai. An rubuta, an shafe, an sake rubutawa a kan shafaffen, har wani wuri ba ya karantuwa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan kamanni. Haka allo yake komawa in an wanke shi an shafa farar ƙasa, inuwar karatun jiya tana nan a ƙarƙashin na yau.

Abin da aka rubuta sunayen ɗakunan karatu ne da suka salwanta. Nineba. Iskandariyya. Sarayebo, wanda aka ƙona a 1992. Halab. Mosul. A cikinsu akwai na kakan mahaifinsa, Viktor von Ephrussi, attajirin Bayahude a Biyena ta Ostiriya, wanda 'yan Nazi suka kwashe littattafansa a 1938, ya mutu yana ɗan gudun hijira a Ingila a 1945. Ashe maginin ba labarin wasu yake bayarwa ba, gadonsa yake nema. Na bi bangon da ido a hankali har na iske sunan da nake tsammani: Tambutu.

Na daɗe a wurin. A watan Janairu na 2013 masu ɗauke da makamai suka cinna wa rubuce-rubuce wuta a cibiyar Ahmad Baba kafin su gudu daga garin, aka rasa wajen 4,000, ko da yake mutanen gari sun riga sun sulale da mafi yawa zuwa Bamako a cikin akwatunan ƙarfe. Shi kansa malamin da aka sa wa cibiyar sunansa ɗan wannan ɗaki ne. Bayan sojojin Maroko sun ci Songhai a 1591, aka kama shi aka kai Marrakesh a 1594, aka wawashe littattafansa 1,600. Ya yi shekaru yana karantarwa a can, manyan malamai suna zama a gabansa, amma bai daina roƙon a bar shi ya koma ba har aka sake shi ya isa gida a 1608. A cikin fatawarsa ya ambaci Kano da Katsina a jerin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Na gaya wa Uwata cewa wannan namu ne. Ta sa yatsa kusa da sunan, ba ta taɓa ba.

A ciki akwai littattafai kusan 2,000, duk na marubutan da aka kora daga ƙasarsu ko suka gudu, kuma yawancinsu fassara ne. Wannan ya faranta min rai fiye da yadda zan iya faɗa. Ba kasafai ake tunawa da mu ba. Ga ɗaki guda cur wanda in ba don tafintoci ba da babu shi. Akwai benci, an yarda ka zauna, ka ɗauki littafi, ka karanta. A tsakanin kantocin an saka akwatunan gilashi huɗu masu ɗauke da kofunan tangaran da guntayen marmara, an tsara su bisa fasalin shafin Talmud, kundin shari'ar Yahudawa, wanda Daniel Bomberg ya buga a wannan birni a farkon shekarun 1520: matani a tsakiya, sharhi ya kewaye shi. Ba sai an yi min bayani ba. Haka kundin mahaifina yake, Larabci manya-manya a tsakiya, a gefe da tsakanin layuka kuma ƙananan ajami inda malaminsa ya fassara masa kalmomi masu wuya. Har takardar ma akwai dangantaka. Yawancin tsofaffin rubuce-rubucenmu na ƙarni na 19, in ka ɗaga takardar a rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku, kuma a arewa maso gabashin Italiyar nan ake yin ta, fatake su bi da ita ta Tarabulus da Masar har Kano da Sakkwato da Borno. A Benis ɗin nan kuma aka fara buga Alƙur'ani da injin ɗab'i, wajen 1537 zuwa 1538.

A cikin murfin kowane littafi an manna 'yar takarda, in littafin ya taɓa ka sai ka rubuta sunanka. Uwata ta samo wani littafin yara na Judith Kerr, wadda ta gudu daga Berlin tare da iyayenta a 1933 tana 'yar shekara 9, ta rasu watanni kaɗan kafin zuwanmu. Takardar ta cika da sunaye, da ƙyar ta sami gefen da ta matsa nata. Ni kuma Ovid na ɗauka, mawaƙin Rum wanda Sarki Augustus ya kora a shekara ta 8 miladiyya zuwa Tomis, a bakin Baƙin Teku, inda yau ake kira Constanța a Romaniya. A can ya mutu. Abin da ya fi damun sa, bayan sanyi, shi ne babu mai jin Latin a garin, har ya fara jin kalmomi suna zame masa, yana magana shi kaɗai don kada ya manta. Na san wannan. Na taɓa tsayawa a tsakiyar aiki ina laluben kalmar sakaina, ta ƙi zuwa, sai da dare ina kwance ta faɗo min.

Amma a kan wannan bencin ne kuma wani abu ya tokare min ƙirji. Duk marubucin da ke cikin ɗakin nan ya bar littafi. Yaran da nake wa tafinta fa? Labarinsu yana cikin fayil, da Italiyancina, ba da bakinsu ba. Na tuna wani saurayi da aka tambaya me ya hana shi komawa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kunya." An sayar da gonar gado an yi masa guzuri, ƙannensa mata suna jiran kayan ɗaki, mahaifiyarsa tana gaya wa maƙwabta ɗanta yana Turai. Na ce vergogna, don ita ce kalmar da ke akwai. Amma a kunnen mai rubutawa wannan kalma ta fi kama da ta wanda ya aikata abin assha, alhali kunyarmu ta ɗan halak ce, nauyin ido ne. Na nemi izini na yi ƙarin bayani, aka rubuta layi ɗaya. Haka kalmar gida. In yaro ya ce yana kewar gida, sai a tambaye ni: ginin yake nufi, ko iyalin, ko ƙasar? Italiyanci yana da kalma daban ga kowanne. Mu kuwa ɗaya ce, kuma in ka raba ta uku ka fasa ta. Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sau uku ina gwada fassara wannan karin magana a wurin aiki, kowane karo sai in ga an gyaɗa kai an wuce.

A wannan shekarar, a babban baje kolin fasaha na birnin, an ajiye gangar jikin jirgin ruwan da ya nitse tsakanin Libiya da Italiya ranar 18 ga Afrilu 2015, ɗaruruwan mutane suka halaka, 28 kaɗai suka tsira. Mutane suna ta zuwa kallo. Ban je ba, ban kuma kai 'yata ba. Na ji cikin irin wannan jirgi daga bakin waɗanda suka fito daga cikinsa, kuma ni na maimaita shi da bakina.

Na duba kantocin iyakar iyawata, ban ci karo da littafin Hausa ba. Wata budurwa da ke kula da ɗakin ta ce ana karɓar shawara, duk wanda ya san marubucin da ya dace ya bayar da sunansa. Ban yi dogon tunani ba. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, sarki kuma mawaƙi, wanda Turawa suka tuɓe a 1920 suka kai Lokoja, ya rasu a can a 1924. A garin ne kuma Sarkin Kano Alu ya ƙare kwanakinsa, da wasu sarakunan da aka raba da gadajensu. Lokoja kuwa a mahaɗar Kwara da Binuwai take. Mu ma muna da waɗanda suka zauna a bakin kogi suna tuna garinsu. Na rubuta sunansa da boko, na sake rubutawa da ajami a ƙasa, na miƙa mata. Ta tambaye ni wane harshe ne wannan, na gaya mata, na ƙara da cewa masu jin sa sun fi mutanen Italiya yawa. Ta sa na furta mata sunan sau biyu har ta iya.

Ɗakin bai zauna a Benis ba. Daga can aka kai shi Dresden a Jamus, sannan gidan tarihi na Birtaniya a Landan a 2020, inda annobar korona ta sa aka rufe shi 'yan kwanaki bayan buɗewa, sai daga baya aka sake buɗewa. Da aka gama, bangon ya koma cibiyar Warburg a Landan, wadda ita ma ɗakin karatu ce da aka gudo da ita daga Hamburg a 1933. Littattafan kuwa, da duk sunayen da ke cikinsu, aka ba Jami'ar Mosul a Iraƙi, wadda 'yan ISIS suka ƙona ɗakin karatunta, aka sake buɗe shi a watan Fabrairu na 2022. Sunan 'yata yana can, a gefen wata takarda.

A jirgin komawa ta yi shiru har muka wuce Mestre. Sannan ta ce in ba ta wayata. Ta kira Zariya da bidiyo, ƙanwata ta ɗauka, ta kai wa Hajiya wayar tana zaune a kan darduma bayan magariba.

"Wa nake gani haka? Takwara ce?"

Uwata ta dube ni, ta haɗiye yawu, sannan ta ce da Hausa, a hankali, tana ajiye kowace kalma kamar mai tsoron kada ta faɗi: "Kaka, ina wuni. Ki nuna min faɗi-ka-mutu naki."

Hajiya ta yi salati. Ta ce wa ya koya wa 'yar Turai wannan magana. Muka ji tana kiran a kawo mata fitila don an ɗauke wuta, muka ga hoton yana rawa, rufin ɗaki, labule, sannan gilashin kabad. Ta kwance makullin daga bakin zane. Ta ce farantan goma sha biyu ne aka kawo ta da su, ɗaya ya fashe shekarar da aka haifi babanki, saura goma sha ɗaya. Ta ɗauko na sama, mai furanni shuɗi a baki, ta goge shi da gefen mayafinta, ta matso da shi kusa da wayar ta ce, "Kina gani, takwara? Ko in ƙara matsowa?"